Ɗana, Kafin Ka Sayi Takalmin Nan

 Na samu labari zuciyarka ta kwanta a kan ƙwallon kwando, har kana tara ƴan kuɗinka domin sayen takalmin wasa, kuma idonka yana kan wani mai tambarin da kake gani a ƙafafun manyan ƴan wasan Amurka. Ban nemi ka zauna domin in hana ka ba. Da yawa daga cikin sa'annina idan suka ji yaro yana zancen takalmi mai tsada sai su ce almubazzaranci ne ko ƙaryar yaran zamani, kuma da kyakkyawar niyya suke faɗi, domin sun san gumin da ake zubarwa kafin kuɗi su shigo gida; sai dai ba su zauna sun lura da irin wahalar da wannan wasa yake ba ƙafa ba. Duk wanda ya lura ba zai raina maganar takalmi ba. Abin da nake so shi ne ka san abin da za ka saya, saboda ƙafar nan da za ka sa a ciki ita ce za ta kai ka masallaci da kasuwa har tsufanka, in Allah ya ba da aron rai.

Ka dubi filin da kanka. Tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, mutum goma ne a ciki suna kai-komo, kwandon kuma yana can sama a mita 3.05. A ɗan wannan wuri babu inda mutum zai miƙe da dogon gudu. Abin da ake yi shi ne a zabura, a ci birki nan take, a karkata gefe, a juya a kan ƙafa ɗaya, a yi tsalle a diro, sau da yawa ma a tsakanin ƙafafun wasu. Duk dirar da ka yi, nauyin da yake sauka a ƙafarka ya ninka nauyin jikinka sau da dama, kuma a kan katako ko siminti yake sauka, waɗanda ba sa sassauta wa kowa. Saboda haka idan ka ji ana yabon takalmi, ka tambaya a wane fili aka taka shi, kuma ƙafar wa ce a ciki. Magabata sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, takalmin ƙwallon kwando kuwa ba a cikin shago ake gwada shi ba, balle a hoton waya.

Idan an miƙo maka takalmi, kafin ka kalli launinsa, ka juya shi ka dubi ƙasansa, domin a nan rabin aikinsa yake. Robar da take taɓa ƙasa ita ce take tsayar da kai lokacin da ka so tsayawa, idan kuwa ta ƙi kama daɓe, to duk sauran abin da aka zuba a jikin takalmin ya tashi a banza. Ka san yadda tayar babur take idan ta suɗe: injin lafiya lau, birki lafiya lau, amma da an taka sai a ji ana tafiya da mutum inda bai nufa ba. Haka ƙasan takalmi yake. Ɗan wasan da ya taɓa zamewa sau ɗaya ko biyu, tsoro yake shiga ƙafarsa ko bai sani ba, sai ka ga ya rage ƙarfin zabura, yana taka ƙasa da ɗari-ɗari, abokin karawarsa yana wuce shi, a ce masa ba shi da sauri alhali takalminsa ne ya hana shi sakin jiki. Zanen da aka daɗe ana yarda da shi shi ne na layuka masu karkacewa hagu da dama irin na ƙayar kifi, domin yana kama ƙasa ko gaba ka yi ko gefe, kuma ramukan da suke tsakanin layukan suna ba ƙura wurin shiga maimakon ta kwanta tsakanin roba da daɓe. Kamfanoni suna ta fito da sababbin zane-zane masu ban sha'awa, wasu suna aiki, wasu ado ne kawai, amma wannan tsohon zane har yau bai ba mutane kunya ba. Kada kuma ƙarar da takalmi yake yi a fili ta ruɗe ka; akwai mai ƙara yana santsi, akwai mai shiru yana riƙe ƙasa gam.

A nan ne nake so ka buɗe kunne sosai, domin nan ne yaranmu suka fi yin asara. Takalman da kake gani a gasar NBA ta Amurka an yi su ne domin daɓen katako mai sheƙi, wanda ake gogewa kafin wasa, ana kuma cikin wasan wasu suna tsaye da abin goge gumi. Robarsu mai laushi ce, ramukan zanenta sirara, saboda haka a kan katako mai tsabta take nuna kanta. Mu kuwa, in ka ɗebe ƴan ɗakunan wasa ƙalilan a manyan birane, filayenmu na makarantu da barikoki da unguwanni siminti ne ko kwalta, a sarari, rana ta doke su, iska ta watso musu yashi. Siminti cin roba mai laushi yake yi, takalmin da zai yi wa ɗan wasan can shekara, a nan kafin ƴan watanni ya suɗe tas. Wanda zai yi maka aiki shi ne mai roba mai tauri da kauri, mai zurfin ramuka. Ka danna zanen da farcenka, idan yana lanƙwashewa cikin sauƙi, ka san ba zai jure filinku ba. Kamfanonin da kansu suna yin wasu musamman domin wasan waje, Nike ma tana rubuta XDR a kan irin waɗannan, kuma sau da yawa sun fi na manyan taurari araha. Sai kuma hunturu, lokacin da ƙura take kwanciya a kan komai: a wannan lokaci babu takalmin da zai kama filin da ba a share ba. Za ka ga ƴan wasa suna shafa tafin hannu a ƙasan takalmi kafin a ci gaba, ƙura suke cirewa, amma wannan na ɗan lokaci ne. Abin da ya fi shi ne ku riƙa zuwa da wuri ku share filin. Kada ka jira a ce maka, ɗana, ka ɗauki tsintsiya ko da kai ne ka fi kowa iya wasa a wurin, domin yashin da ka ƙi sharewa ba ya zaɓen wanda zai kayar, mai yiwuwa ƙanin abokinka ne, mai yiwuwa kai ne.

Bayan ƙasa sai yadda ya zauna a ƙafarka. Takalmi na ƙwarai yana riƙe ƙafa ta yadda idan ka karkata ba za ta yi yawo a ciki ba, dunduniya ba ta ɗagawa, yatsu ba sa zuwa su daki gaba. Ka matsa bayan takalmin, wurin da dunduniya take zama, ya kamata ka ji shi da tauri. Ka kama kai da gindi ka murɗa, bai kamata ya murɗu cikin sauƙi ba. Ka lanƙwasa shi, ya kamata ya lanƙwashe a daidai gindin yatsu, ba a tsakiya ba. Ka je saye da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan yini, kuma ka tafi da irin safar da za ka riƙa wasa da ita. Ka sa duka biyun ka ɗaure igiya har ramin ƙarshe, ka tsaya, ka tabbatar akwai ɗan fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Na san dabarar iyayenmu ta sayen abin da ya fi yaro girma domin ya girma a ciki, dabara ce mai kyau ga riga da wando da takalmin Sallah, amma a wannan wasa tana jawo bororo da baƙin farce da targaɗe. Wanda ya matse kuma kada mai shago ya ce maka zai buɗe da sawa. Yana iya ɗan sakewa, amma tsawonsa ba ya ƙaruwa.

Ka kuma yi la'akari da jikinka. A ranar 20 ga Fabrairun 2019, a wasan jami'ar Duke da ta North Carolina, ana kallo a duk faɗin Amurka, har tsohon shugaban ƙasa Barack Obama yana zaune a bakin fili, ba a cika minti ɗaya da fara wasa ba sai ɗan wasan Duke Zion Williamson ya dasa ƙafar hagu zai juya, takalminsa na Nike ya yage, ƙafar ta fito waje ɗungurungum, ya faɗi ya ji ciwo a gwiwar dama, ya yi makonni bai taka fili ba. Takalmin nan ba jabu ba ne, na asali ne daga babban kamfani, an yi shi da sunan ɗan wasa Paul George. Amma Zion yaro ne mai nauyin da ya kusa kilo 130, ga ƙarfin zabura da ba kasafai ake ganin irinsa ba, ya ɗara mai sunan takalmin nauyi nesa ba kusa ba. Da ya dawo, sai da aka yi masa wanda aka ƙara wa ƙarfi. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, takalmin da ya dace da siririn yaro mai rarraba ƙwallo ba lallai ya ɗauki ƙaton da yake kokawa a ƙarƙashin kwando ba, saboda haka sunan gwanin da kake so bai isa ya zaɓa maka ba, sai ka duba ko jikinku da salon wasanku sun yi kama.

Maganar laushin ciki ba zan tsawaita ta ba, ko da yake ita ce masu talla suka fi kururutawa. Tsakanin ƙafarka da robar ƙasa akwai soso mai shanye ƙarfin dira, wasu kuma suna sa ƴar jakar iska, dabarar da Nike ta shigo da ita cikin takalmin ƙwallon kwando a 1982 da Air Force 1. A kan siminti kana buƙatar wannan sassauci fiye da mai wasa a katako, domin gwiwa da ƙugu da baya su ne suke biyan bashin abin da takalmi ya kasa shanyewa, kuma ba a ƙuruciya suke kawo takardar bashin ba. Amma laushi idan ya yi yawa, ko ya ɗaga ka sama da ƙasa sosai, ƙafa ba ta samun tabbas, da ka karkata sai ta gurɗe. Shi ya sa takalmin gudu, duk daɗinsa a ƙafa, bai dace da wannan wasa ba: an yi shi domin tafiya gaba kawai, gefensa ba shi da abin tare ƙafa. Na ƙwarai za ka ga ƙasansa ya ɗan fi faɗi ta wajen ƙaramin yatsa, domin ya tokare ka idan ka karkata.

Akwai kuma wata magana da aka gada, wai sai takalmi mai dogon wuya ne yake kare idon sawu. Tarihi ne ya dasa ta a zukatan mutane. Tun da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a 1891 a garin Springfield, takalmin da ya fara mamaye shi shi ne kambas ɗin Converse mai suna All Star, wanda ya fito a 1917, mai dogon wuya, daga baya aka liƙa masa sunan Chuck Taylor, kuma shekaru da dama kusan kowa da shi yake wasa, har ido ya saba cewa haka takalmin ƙwallon kwando yake. Sai a 2008 Kobe Bryant, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Italiya yana kallon ƴan ƙwallon ƙafa, ya ce a yi masa mai gajeren wuya irin nasu, domin ya lura su ma suna juyawa da karkata kamar kowa, kuma wuyan takalminsu bai kai idon sawu ba. Mutane suka yi ta surutu, shi kuwa ya sa shi ya ci kofin NBA a 2009. Yau ƴan wasa da yawa gajeren suke sawa, kuma binciken da likitoci suka yi bai nuna cewa tsawon wuya shi kaɗai yana hana targaɗe ba. Ɗan ƙyallen da ya rufe idon sawu ba zai iya tare nauyin mutum ba idan ya diro a kan ƙafar wani. Abin da yake taimakawa shi ne riƙon dunduniya, da faɗin ƙasa, da ɗaurin igiya mai kyau. Saboda haka ka zaɓi wanda ka fi sakewa a ciki, amma ka ɗaure shi; wannan yayin na barin igiya sake domin gayu, a bar shi a bakin titi, kada ya shigo fili.

Tunda mun zo kan targaɗe, bari in ɗan tsaya, domin nan ne haƙuri yake da rana. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2001 ya gano cewa ɗan wasan da ya taɓa jin ciwo a idon sawu ya fi wanda bai taɓa ba haɗarin sake ji kusan ninki biyar, kuma kusan rabin raunukan a lokacin dira suke faruwa. Ka ga ke nan babban abin da yake jawo targaɗe na biyu shi ne na farko da ba a bari ya warke ba. Na ga yara da yawa, ƙafa ta kumbura yau, jibi an ɗaure ta da tsumma an koma fili saboda akwai gasa, ko saboda kada a ce rago ne, daga nan sai ta zama ƙafar da kullum take gurɗewa. Idan ya same ka, ka fita daga wasan nan take, ka sa ƙanƙara, ka naɗe da bandeji, ka ɗaga ƙafar, idan kuma ba ka iya taka ta ko kaɗan, ka je asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya ja ta ko ya murza, domin wani abin da ake kira targaɗe tsagewar ƙashi ce. Ka dubi Stephen Curry, wanda duniya take yabo da jifa daga nesa. A farkon shigarsa NBA idon sawunsa ya hana shi sakat, an yi masa tiyata a 2011, an sake a 2012, a kakar 2011 zuwa 2012 wasa 26 kacal ya buga, har wasu suka fara yanke ƙauna da shi. Sauya takalmi kaɗai bai warkar da shi ba. Ya zauna ya ƙarfafa ƙugunsa da cinyoyinsa domin su ɗauke wa idon sawu nauyi, ya koyi yadda ake dira, ya riƙa ɗaura abin tallafar idon sawu a duk wasa, sannan ya zo ya ci kofi huɗu. Kai ma kana iya farawa a ɗaki ba tare da ko kwabo ba: ka riƙa tsayawa a kan ƙafa ɗaya, daga baya ka rufe ido, ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa, ka yi tsallen igiya. Abu ne mai gundura, babu mai yi maka tafi, amma yana yi wa ƙafa abin da babu takalmin da zai yi mata.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda na san ita ce take cin ranka. Lokacin da Air Jordan na farko ya fito a 1985 dala 65 aka sa masa, mutane suna ganin ya yi tsada, yau kuwa takalman manyan taurari da yawa sun haura dala 100 da nisa, kuma kaso mai yawa na kuɗin nan na suna ne da talla. A cikin manyan nan akwai wanda abin ya dama, kuma ɗan ƙasarmu ne. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda aka zaɓa na ɗaya a zaɓen shiga NBA na 1984 a gaban Michael Jordan, ya ci wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995, mutumin da yake azumin Ramadan yana buga wasa a haka, a lokacin da tauraronsa ya fi haske sai ya sa sunansa a kan takalmin Spalding na dala 35 da ake sayarwa a kantunan talakawa. Hujjarsa ita ce uwa mai ƙaramin ƙarfi da ƴaƴa uku ba za ta iya sayen na dala ɗari da wani abu ba, kuma tsadar nan tana tura yara sata, wani lokaci har da kisa. Bayansa Stephon Marbury ya fito da nasa a 2006 a ƙasa da dala 15, kuma ya sa shi ya buga wasannin NBA da shi. Na kawo maka su ne domin ka ga cewa waɗanda suka san wasan ciki da bai ba su ɗauki tsada a matsayin shaidar inganci ba. Kada ka sa mahaifiyarka a gaba har ta taɓa kuɗin adashinta saboda tambari, ɗana. Za ta yi maka, domin uwa ce, amma kai ne ya kamata ka ji nauyin tambaya.

Shi Hakeem ɗin ma, abin da ya sa ake tunawa da shi aikin ƙafarsa ne, kuma bai same shi a kwali ba. Mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, ɗan wasan ƙwallon hannu, bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya kai kimanin shekara 15, kuma waɗancan wasannin ne suka koya wa ƙafarsa juyi da yaudarar abokin karawa, har daga baya Kobe Bryant da LeBron James suka je wurinsa ɗaukar darasi bayan sun riga sun yi suna. Wilt Chamberlain ya ci maki 100 a wasa ɗaya a ranar 2 ga Maris 1962, a zamanin kambas, kuma har yau duk da soso da iskar da aka ƙirƙiro babu wanda ya kamo shi a NBA. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa ƴan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka, takalmi ɗaya suke karɓa-karɓa da yayansa Thanasis suna yara, wannan ya fito ya cire wancan ya sa, sai ga shi a 2021 ya ci maki 50 a wasan ƙarshe ya kai Milwaukee ga kofi. Masai Ujiri kuma a Zariya ya tashi, a filayen waje irin naku ya koyi wasan, ya zo ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofi a 2019. Ban ce rashi abin so ba ne, da Giannis ya samu nasa tun farko da ya fi masa, kuma aron takalmin da ba girmanka ba yana da nasa haɗari. Ina dai so ka cire wa ranka cewa wanda ya fi ka takalmi ya riga ya fi ka wasa, kuma ranar da kai ne mai sabo, kada ka kalli ƙafar wani ka yi dariya.

Idan kuɗinka bai kai na sabo ba, gwanjo ba abin kunya ba ne, a Ƙofar Wambai da makamantanta ana dacewa da na asali masu sauran rai. Amma ka sa ido. Ka duba ƙasan ta wajen gindin babban yatsa, nan ne yake fara suɗewa. Ka danna soson gefe, idan ya yi tamoji ya kwanta ba ya dawowa, ya gama aiki. Ka ja wurin da sama ya haɗu da ƙasa ka ga ko gam ya fara saki. Ka kiyayi wanda ya daɗe a ajiye ko da yana ƙyalli kamar ba a taɓa sa shi ba, domin wani irin soso da gam suna lalacewa da shekaru ko ba a taka su ba, sai ka shiga fili ya ruɓuɓɓushe a ƙafarka. Jabu kuwa shi na fi ji maka tsoro, saboda masu yin sa kamanni suke kwaikwaya, abin da ido ba ya gani ba ruwansu da shi: tambari daidai, launi daidai, amma ciki babu abin riƙe dunduniya, soson na banza, robar tana santsi. Na asali mai araha daga kamfanin da ba shi da babban suna ya fi jabun da ya ari sunan gwani, ko da abokanka ba za su taru suna kallonsa ba.

Wannan nasiha har da ƙannenka mata, in akwai mai sha'awa a cikinsu kuma iyaye sun amince. Ƴan matan Najeriya, D'Tigress, su ne suka kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Paris a 2024, abin da babu wata tawagar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi a ƙwallon kwando. Kada a miƙa wa yarinya tsohon takalmin yayanta a ce ta cusa tsumma a gaba, ƙafarta ma tana da haƙƙi.

In Allah ya sa ka saya, to ka riƙe shi da kyau. Kada ka fara sa shi ranar gasa, ka yi atisaye da shi na ƴan kwanaki har ku saba. Ka ɗauke shi a jaka zuwa fili, ka tafi da silifa ko wani takalmin, domin yawon titi da hawan babur suna cinye ƙasan da ka biya kuɗi dominsa, suna kuma cusa masa tsakuwa. Bayan wasa ka sassauta igiya, ka zare shimfiɗar ciki, ka bar shi ya sha iska a inuwa. Kada ka shanya shi a ranar bazara ko ka bar shi a but ɗin mota, saboda zafi yana kashe gam yana busar da roba. Ka goge ƙasan da ɗanyen tsumma, ka sa tsohon buroshi ka fitar da abin da ya maƙale a ramuka. Ka wanke safa kullum, ka kuma tabbatar tsakanin yatsunka ya bushe bayan alwala kafin ka sa, domin damshi shi yake kawo ƙaiƙayi da wari. Idan gefe ya ɗan ɗaga, mai gyaran takalmi zai iya sa masa gam ya ɗinke tun bai yi nisa ba.

Amma akwai ranar da gyara ba zai yi ba, kuma sau da yawa saman takalmin yana nan da kyansa a lokacin. Za ka ji ka fara zamewa a filin da aka share, ko ka tashi da safe gwiwa da tafin ƙafa suna ciwo bayan wasan da da ba ya sa ka haka, ko ka ajiye shi a kan tebur ka ga ya karkace gefe ɗaya. A ranar ka cire shi daga jakar wasa, ka mayar da shi na zuwa kasuwa da gona, zai yi maka wata shekarar a haka. Ƙaninka zai zo ya roƙe ka domin ya daɗe yana kallonsa. In na yawo yake so ka ba shi, amma in fili zai shiga da shi ka hana, ka gaya masa dalili, ka sa shi ya fara nasa tarin, in ka samu hali ka cika masa.